Taken Nu'uman

Talata, bayan sallar Asuba

Da sunan Allah Masanin fili da ɓoye nake fara wannan rubutu. Ni Ummaru, limamin ƙauyenmu da ke kusa da Tamawa a ƙasar Kurfi, ban saba rubuta halin zuciyata ba. Alƙalamina na karatu ne da amsa tambayar masu tambaya. Amma tun da aka dakatar da karatun zaure hannuna ya rasa aiki, kuma akwai maganar da ba zan iya yi wa maiɗakina Turai ba, domin idan na fara ta, ba za ta iya zama ta ji ƙarshenta ba.

Ɗana Nu'uman bai dawo daga gonar fadama ba tun Alhamis ɗin da ta wuce. Shi da Ɗanmusa maƙwabcinmu da wani ɗan ƙwadago. Kekensa ya dawo, wani ne ya turo shi. Iyakar abin da zan rubuta a kan wannan ke nan.

Sahu biyu muka yi yau, na biyun bai cika ba. Ina cikin wuridi sai ganga ta tashi daga bayan gari. Ya'u ne, ɗan gwaggona, taubashina, makaɗin gangar noma da ya gaji sana'ar daga ubansa. A zamanin da ake gayya, kowane manomi da ya isa yana da take, wato 'yan bugu kaɗan da suka zama sunansa a bakin ganga. Idan aka buga shi a gona, mai shi ya san da shi ake, sai ya ƙara duƙawa a kan kunya. An daɗe da daina gayya. Maganin feshi ya zo, motar noma ta zo, samarin da ke ƙwadago kuma kowa da wayarsa a aljihu tana yi masa waƙa. Ba mai gayyatar Ya'u, ba mai ba shi ko damin gero. Duk da haka, kullum gari ya waye sai ya rataya gangar ya je gindin ɗorawar da ke bakin gonarsa, ya bi taken mutane ɗaya bayan ɗaya, shi kaɗai.

Shekara da shekaru ina jin wannan ban kula ba, kamar yadda ba a kula da carar zakara. Yau ya tsaya mani a kunne.

Laraba, da hantsi

Mai unguwa Tukur ya same ni a zaure. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Malam, ka yi wa ɗan'uwanka magana. Dawa ta yi tsawo, ba mu san wanda ke cikinta ba. Gangar nan har tsallaken rafi ake jin ta. Gari ya yi shiru don a manta da shi, shi kuma kullum yana shelar cewa muna nan."

Na ce, "Kai ne mai unguwa."

"Ni dariya yake yi mani. Amma kai in ka ce haram ne, shi ke nan."

Na gaya masa haram ba a aljihuna take ba, balle in ciro ta ranar da aka buƙata. Malamai sun yi saɓani a kan ganga; wasu sun tsananta, wasu sun sassauta a kan wadda ke ƙarfafa mutane ga aikin halal. Ni ban taɓa zama na saurare ta ba, ban kuma taɓa hana ta ba. Tukur ya ce shi ba saɓanin malamai ya zo ji ba, maganar rayuka ya kawo, har da ran wanda ya fito daga gidan nan.

Na ce zan je in same shi.

Alhamis, Azahar

Ba labari. Wayar tana aljihun gaba, ban kashe ta ko a sallah ba. Allah ya yafe mani.

Juma'a, bayan La'asar

Na je. Na tarar da Ya'u a ƙofar gida ya jingine gangar tana fuskantar rana, domin da damina fata takan sha sanyi ta saki.

"A'a, Liman da kansa," in ji shi. "Take ka zo karɓa bayan tsufa, ko tuba ka zo sa ni?"

"Na zo in ga ko ka fara sallah a kan lokaci."

"Kullum ina bayanka. Kai ne ba ka waiwaye."

Tun muna yara haka muke, kuma ko a yau ɗin nan na ji sauƙinsa. Na zauna na isar masa da saƙon Tukur. Ya saurara yana murza igiyar gangar. Sannan na tambaye shi abin da ban taɓa tambayarsa ba: wa yake yi wa kiɗan? Rabin masu taken nan sun koma Dutsin-Ma, wasu Katsina, wasu har Ikko. Waɗanda suka rage ba su fita gona mai nisa. Na tuna masa da ɗaliban da suka taɓa zuwa daga Dutsin-Ma suka ɗauke shi a waya, suka ce duniya za ta ji shi. Ya ce bai sake ganinsu ba, bai kuma aika a tambaya ba, amma yara ne masu ladabi.

Sannan ya ce, "In ka bar izu guda wata da watanni ba ka bi ta kansa ba, mi ke faruwa?"

"Kada ka haɗa karatu da fatar akuya."

"Ban haɗa ba, Allah ya tsare ni. Naka da lada, nawa ba wanda ya yi mani alkawarin komai. Tambaya na yi."

"Yakan kuɓuce."

"To take ma haka. Ba a rubuce yake ba, a hannun nan yake."

Na ce masa hannun nan ƙasa za shi, kuma 'ya'yansa duka acaɓa suke yi a Dutsin-Ma, babu wanda ya san inda ake kama gula balle ya buga ganga da ita. To wa yake ajiye wa? Ya ce wannan gaskiya ce.

Sai ya faɗa mani wata ƙa'ida ta gidansu da ban sani ba duk kusancinmu. Ya ce ba a jefar da taken mutum don ya yi ƙaura ko ya daina noma. Sai ranar da ya rasu, kuma sai wani daga gidansa ya zo ya faɗa da bakinsa. A ranar makaɗi zai buga taken sau ɗaya, ya ɗora tafin hannunsa a kan fata ya yanke amon, ba za a sake buga shi ba har abada. Rufe take suke ce wa wannan.

"Wanda ba a rufe ba, kiransa ake yi," in ji shi. "Na Nu'uman ma ina kira. Tun gayyar ƙarshe da aka yi a fadama ya same shi, ranar da ya riga kowa fita kunya."

Na ce ni ban san shi ba.

"Ka san shi. Shi ne na ƙarshe kullum."

Na dawo ban ce ya daina ba, ban ce ya ci gaba ba.

Asabar, bayan Asuba

Na tsawaita wuridi. Ba saurare nake yi ba. Sai dai na ƙarshen yana farawa da nauyi, sannan ya yi sauri kamar mai gudun ruwan sama, sannan ya tsaya cak. Haka yake tafiya tun yana yaro.

Da na shiga gida na ga Turai tsaye a tsakar gida da buta a hannu, ba ta zuba ruwan ba, ba ta ajiye ba. Ashe ita ta daɗe da saninsa.

Lahadi, Magariba

Ba labari.

Litinin, da yamma

Mahaifin Rahamatu, matar Nu'uman, ya zo daga Birchi. Yana son ya tafi da ɗiyarsa Dutsin-Ma wurin yayarta, tunda cikinta ya tsufa kuma hanya ba kullum take biyuwa ba. Wannan magana ce mai kyau. Amma bayanta sai ya sassauta murya ya ce, a matsayina na malami ba na uba ba, mene ne hukuncin macen da mijinta ya... Bai ƙarasa ba, ni ma ban taimake shi ba.

Na ba shi amsa kamar yadda zan ba kowa. A wurin malamanmu, wanda ya ɓace rayayye ne har sai yaƙini ya zo. Ba a raba gadonsa, matarsa ba ta shiga takaba a kan jita-jita. Na faɗi wannan da murya daidai, har na jero masa maganganun malamai. Sai da ya fita na lura gefen rigata da na damƙe ya jiƙe da gumi.

Rahamatu ta ƙi tafiya. Daga bayan labule ta ce wa mahaifinta, "Baba, in ya dawo ƙofar nan zai fara shigowa. Ba na so ya tarar da ɗakin a kulle."

Na yi ta tunanin yadda hukuncin da na karantar tsawon rayuwata ya zo daidai da ƙa'idar gidan makaɗa. Ban ji daɗin wannan tunani ba, na yi istigfari.

Talata, La'asar

An ji ƙarar babura ta wajen rafi, da yawa, ba su shigo ba. Mata sun kwashe yara daga waje. Muka yi sallah ƙofar masallaci a rufe.

Laraba, Azahar

An kira.

Ba muryarsa ba ce. Na roƙa a ba shi wayar, aka ce ba yanzu ba. An faɗi abin da ake so, wannan na bar wa Tukur da dangi. Amma kafin a kashe sai mai maganar ya ce, "Kuma gangar da ake buga maku kullum da safe, 'yan sa-kai kuke tarawa? Muna da labari. Ku ci gaba in kun ga dama."

Tukur yana gefena, ya ji. Ya dube ni kawai.

Laraba, bayan La'asar

An taru a ƙofar masallaci. Wani cikin matasa ya ce shi zai je da wuƙa ya farke ta yanzu. Na ce duk wanda ya taɓa kayan Musulmi ba da izininsa ba ya yi zalunci, ko da ganga ce. Sannan na yanke abin da na yanke. Kiɗan Ya'u ba shi ne laifi ba, amma kawar da cuta yana gaba da abin da aka sassauta a kansa, saboda haka a dakata da shi. Gangar za ta zauna a zaurena amana, ba mai taɓa ta.

Hukuncin daidai ne. Na sake duba shi ta kowace fuska, daidai ne. Da wani ne ya kawo mani tambayar a kan ɗan wani, haka zan ce.

Alhamis, da hantsi

Ban aiki kowa ba, ni na je wurin Ya'u. Na shirya hujjoji tun daga gida, ban yi amfani da ko ɗaya ba. Ina faɗa masa abin da aka ce a waya ya tashi ya ɗauko ta.

"Da tun ran Juma'a ka ce don yaron ne, da ni zan kawo maka ita."

Ya rako ni har zaure, yana tafe yana yi mani wasiyya. Kada in ajiye ta a ƙasa, akwai gara. Kada in jingine ta da bangon gabas, yana da danshi. In rana ta fito in fitar da ita ta sha, in hadari ya haɗu in shigo da ita.

Na ce, "Ni limami ne ko baran ganga?"

"Ai ka daɗe kana neman muƙami a gidanmu."

Ya rataye ta da kansa a turken da nake rataya buzuna. Ya shafi fatar sau ɗaya, ya fita bai waiwaya ba.

Juma'a, bayan Asuba

Shiru. Na gama wuridi da wuri, na rasa dalilin zama, na rasa dalilin tashi.

Turai ta kawo mani koko. Ta ce, "Yau ba a kira shi ba." Na ce Allah yana sane da shi, kuma kiran da ke da amfani addu'a ce. Ta ce, "Na sani, Malam." Ta ɗauki kwanon jiya ta fita.

Lahadi, Azahar

An kai abin da aka ce a kai. Bijiman huɗa sun tafi. An ce mu jira.

Na fitar da gangar ta sha rana. Amana ce.

Talata, Magariba

Muna jira.

Alhamis, da hantsi

Na kasa zaman zaure, na bi ta bayan gari, ƙafata ta kai ni wajen ɗorawar. Ya'u yana nan zaune a kan saiwa. Ba ganga, ba gula. Yatsunsa ne ke tafiya a kan cinyarsa, leɓensa na motsi, ko tsuntsun da ke bisa kansa bai tashi ba. Na tsaya a bayansa har ya gama jerin. Na gane na ƙarshen da ido.

Sai kuma ya shiga wani abu dabam. Ya buga, ya tsaya, ya girgiza kai, ya sake daga farko.

Na ce, "Wannan na wa ne?"

"Bai da mai shi tukuna. Sabo ne. Shekaranjiya ina alwala ya zo mani. Gindinsa ya zauna, kansa ne ya ƙi."

Raina ya ɓaci, kuma ban tare shi ba. Na ce gari na cikin wannan hali, mata ba su runtsawa, a gidana ba a ɗora tukunya sai don mai ciki, shi kuma yana zaune yana ƙirƙirar sabon kiɗan da ba mai ji, ba mai godiya, ba ma gangar da za a buga shi a kai. Da can ya ce mani ajiya yake yi kada tsofaffin su kuɓuce. To wannan fa, ajiyar wa ce? Na ce ya ji tsoron Allah a kan lokacinsa, domin za a tambaye shi a kansa.

Bai yi mani wasa ba wannan karon. Ya ce, "Ummaru, ban kira shi ba. Ka ga na ci wani abu da kiɗa tun da aka daina gayya? Matata har ta koma ga Allah tana cewa in sayar da gangar in sayi tunkiya. In na ƙi shi, sai ya hana ni cin tuwo, ya bi ni har cikin sallah, ina bayanka ina jin sa. In na fitar da shi, sai ya bar ni in yi sallata lafiya. Ni dai iyakar abin da na sani ke nan. Ko cuta ce, ko baiwa ce, kai ne malami."

Tun muna samari bai kira ni da sunana ba.

Ban taɓa cin karo da hukuncin abin da ke zuwa wa mutum yana alwala ba tare da ya nema ba. Na san dai ba a kama bawa da abin da ya ɗarsu a zuciyarsa. Na dawo na bar shi yana neman kan kiɗansa.

Asabar, La'asar

Wasu gidajen sun sake tashi yau, sai Dutsin-Ma. Motar ta cika har da turmi a bisa. Sahu ɗaya ya rage, shi ma da giɓi. An ga hayaƙi ta yamma jiya. Ba a ce daga ina ba, ban tambaya ba.

Bayan Azahar na buɗe littafi a zaure na karanta babi guda da ƙarfi, har da fassara, kamar yadda na saba yi wa ɗalibai. Sai da na rufe na tuna tabarmi a naɗe suke. Daga ni sai gangar a kan turke.

Litinin, Azahar

Rahamatu ta sauka da hantsi, namiji. Ungozoma ta ce uwa da ɗa lafiya. Na yi masa kiran sallah a kunnen dama, iƙama a na hagu. Goshin ubansa ne. Alhamdu lillahi.

Na ciro wayar domin in faɗa wa wani. Na mayar da ita aljihu.

Laraba, Magariba

Muna jira. Hadari ya haɗu, na shigo da ita.

Alhamis, bayan La'asar

Ɗanmusa ya dawo, shi da ɗan ƙwadagon. Su biyu.

Na je gidansa tare da Tukur. Ƙafafunsa sun kumbura, ba ya iya kallon mutum a ido. Da ya gan ni ya nemi ya tashi, na hana shi. Ya sa hannu a aljihu ya miƙo mani carbin da na ba Nu'uman ranar saukarsa.

Ya yi magana, ɗayan ya gaskata, Tukur yana shaida. Zazzaɓi ne. Ya ce ba su bar shi haka nan ba. Sun roƙa an ba su fartanya, sun yi masa abin da za su iya, sun fuskantar da shi alƙibla. Na tambayi ranar. Ya ce bai riƙe kwanaki ba, amma tun kafin a fara kiran waya ne.

Tun kafin a fara kiran waya.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Zan tashi sai na ji bakina ya yi tambayar da ban shirya ba. Na ce, a can, da safe, kuna jin ganga?

Ya dube ni. "Wace ganga, Malam? Tun ranar farko aka yi nisa da mu. Inda muke ko ƙarar mota ba a ji."

Juma'a, bayan Asuba

Na ja sallah. Ban san surar da na karanta ba. Ya'u ya ce daidai na karanta.

Asabar, da yamma

Yadda na faɗa wa Turai da Rahamatu, ba zan rubuta ba.

Mahaifin Rahamatu ya zo ta'aziyya, ya sake tambayata a matsayin malami: yaushe za ta fara takaba? Na ce ba za ta fara ba. Mai ciki iddarta haihuwa ce. Abin ya faru tana da ciki, ta sauka ran Litinin. Ta shiga ta fita ba ta sani ba. Ya ce, "Ikon Allah." Ya ce ran suna da hantsi mota za ta zo ta kwashe su Dutsin-Ma, har da mu.

Ya'u ma ya zo. Ya zauna, ya yi addu'a, ya tafi. Bai dubi turken ba.

Bayan an watse Turai ta same ni a zaure, abin da ba ta saba ba. Ta ce, "Malam, ba mu yi masa wanka ba, ba mu ga likkafani ba, ba mu san inda yake kwance ba. Sallar ma ba za a yi ba?" Na gaya mata a mazhabarmu ba a yi wa wanda ba ya gabanmu sallar jana'iza. Abin da ya rage mana addu'a ce da sadaka, kuma sun isa. Ta ce ta yarda sun isa. Ta daɗe tana duban gangar.

"To a rufe masa," in ji ta. "Kada Ya'u ya ci gaba da kiransa a cinya."

Ban san wanda ya faɗa mata maganar cinya ba.

Lahadi, La'asar

Na yini ina auna abin. Ba ibada ba ce, ba zan taɓa cewa ibada ce ba. Ba ta ƙara wa wanda ya tafi komai, ba ta rage masa. Al'ada ce ta makaɗa, a gidansu ta tsaya. Amma amana ana mayar wa mai ita idan dalilin riƙe ta ya gushe, kuma wannan hukunci ba shi da saɓani.

Na je wurin Tukur, tunda shi ya kawo ƙarar. Yana ɗaure kaya. Ya ce, "Malam, wanda muka yi shirun dominsa..." Ya kasa ƙarasawa. Can ya ce, "Gobe ni ma zan kai iyalina. Wa ya rage da za a ɓoye? Ka ba shi kayansa. Sai dai ka gaya masa mutanen nan ba su yi nisa ba."

Litinin, bayan Azahar

Da aka idar da Asuba na raɗa wa yaron suna. Ba taro, ba maroƙi, sai ɗan goro da dabino. Sunansa Nu'uman.

Sannan na shiga zaure na sauke gangar. Ban taɓa ɗaukar ganga a kafaɗa ba, ta fi yadda nake zato nauyi. Na bi ta tsakiyar gari da ita, da rawanina, ban bi ta lungu ba. Ƙofofi duk a kulle, ba ma wanda zai gani.

Ya'u yana gindin ɗorawa. Ya dube ni, ya dubi gangar.

"Ka sa ta a rana?"

"Kullum."

"Na faɗa maka kana neman muƙami."

Ya karɓa, ya ƙwanƙwasa fatar da yatsa, ya ƙara jan igiya. Sannan ya tsaya yana jira. Na gane abin da yake jira. Ya zo ta'aziyya, ya san komai, amma sai wani daga gidan ya faɗa da bakinsa.

Na yi wa mutane sanarwar rasuwa a masallacin nan fiye da yadda zan iya tunawa. Wannan ta ƙi fita. Ya'u bai taimake ni ba, bai kuma kau da kai ba. Daga ƙarshe na ce, "Ya'u, Nu'uman ɗana ya rasu. Ka rufe."

Ya rataya ta. Ya fara da nauyi, sannan sauri kamar mai gudun ruwan sama. A inda ya saba tsayawa cak, sai ya ɗora tafin hannunsa a kan fatar. Amon ya yanke. Muka tsaya, ganyen dawa kaɗai ke motsi. Hawaye na bin gemunsa. Na yi addu'a, ya shafa.

Na juya zan tafi sai na ji gula ta sake sauka a hankali. Wanda yake nema a cinya ne.

Na ce, "Kan ya zauna?"

"Tun ranar da na ji kukan jariri daga gidanka. Wane suna ka sa?"

"Nu'uman."

Ya gyaɗa kai. "Suna ake gado, take ba a gadonsa. Wannan nasa ne."

Na ce yaron nan yanzu mota za ta tafi da shi Dutsin-Ma. Boko zai yi, mai yiwuwa ba zai taɓa riƙe garma ba, mai yiwuwa ba zai taɓa jin wannan ba.

"Na sani," in ji shi, bai ɗaga kai ba.

Na isar masa da saƙon Tukur, cewa mutanen nan ba su yi nisa ba, kuma suna da kunne.

"Na sani. Zan sassauta hannu."

Motar ta zo da hantsi. Rahamatu ta shiga da jaririn, Turai ta shiga, ta matsa ta bar mani wuri. Na ce su je, zan riƙa leƙo su. Ta ce, "Kai fa?" Na ce ba a kulle masallaci muddin akwai mai bin liman. Ta ce wa ya rage? Na ce akwai wanda ya ce kullum yana bayana. Ta daɗe tana dubana, sannan ta ce, "Allah ya tsare ku, tsofaffi biyu marasa jin magana."

Talata, bayan sallar Asuba

Mu biyu ne, saboda haka ba a bayana ya tsaya ba, a damana ya tsaya kamar yadda hukunci yake. Da na sallame sai ga fuskarsa. Ya ce, "Yau ka gan ni."

Ganga ta tashi, ƙasa-ƙasa. Ya bi su duka, na Dutsin-Ma, na Katsina, na Ikko. Da ya zo inda na saba jira, wancan bai zo ba. Sabon ne ya zo a ƙarshe.

Na tsawaita wuridi har ya gama.